Gargaɗi ga masu haɗa motar rimot mai hawan dutse: akwai mai sayar da jabun kaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon duk mai sha'awar haɗa motar rimot da hannunsa, da iyayen da 'ya'yansu suka fara wannan harka, su daure su karanta wannan. Akwai wani mutum da ke tallar kayan haɗa motar rimot a Facebook da WhatsApp, yana cewa gwanjo ne daga Amurka. Ya cuce ni naira 186,000, kuma abin da ya turo mini saura ƙiris ya ƙona mana ɗaki muna ciki. Ba zan kama suna ba, domin sunan da yake amfani da shi ma na aro ne, ya sauya shi har sau biyu tun bayan abin da ya faru. Salon damfarar ne bai sauya ba, shi zan bayyana muku.

Ga wanda bai san harkar ba, wannan ba irin motar wasan yara ba ce da ake saya a kasuwa lokacin sallah ta mutu bayan kwana uku. Mota ce ta gaske da aka rage girmanta sau goma, tana da aksil gaba da baya, da giyabos, da furofela, da shokazoba mai mai a ciki, kuma duk tayoyinta huɗu suna ja. Ba a yi ta don gudu ba. Rarrafe take yi a kan duwatsu, taya ɗaya a sama ɗaya a rami, tana lallaɓawa har ta haye inda mutum ma sai ya dafa. Kamfanin Axial na Amurka ya fito da irin wannan mota ƙirar SCX10 a 2008, Traxxas kuma ya fito da TRX-4 a 2017, kuma yawancin kayan gyaran da ake samu a duniya a kan awon waɗannan biyun ake ƙera su. Sabuwa dal a kwali ɗaruruwan daloli ce, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 ta fi ƙarfin aljihun irinmu. Shi ya sa muke tsintar kayan ɗaya bayan ɗaya muna haɗawa. Duk wanda ya taɓa yin motar kara ko ta langa-langa yana yaro, ya sa mata tayar silifas, ya san daɗin da nake nufi.

Wata takwas na yi ina haɗa tawa a nan Zariya. Shasin da hannuna na yanka shi daga guntun alminiyam, na bar milimita 313 tsakanin tayar gaba da ta baya kamar yadda awon SCX10 II yake. Bodin kuwa da faifan roba na yi shi, na kwaikwayi Land Cruiser a-kori-kura. Ni da ɗana mai shekara goma sha biyu muka yi ta gogewa da sanfefa da daddare bayan isha'i, burinmu mu kai ta gindin dutsen Kufena mu gwada. Sai dai akwai abin da hannu ba ya iya ƙerawa: moto wato injin lantarkin da ke juya tayoyi, da sarbo wato ɗan injin da ke juya sitiyari, da na'urar sarrafa gudu da 'yan harka ke kira ESC, da batir, da caja. A nan ne mutumin ya same ni.

Bai zo mini da gaggawa ba, abin da ya sa na saki jiki ke nan. Bahaushe ne, ya san harkar, idan ka tambaye shi bambancin moto mai zagaye 35 da mai 55, wato yawan naɗin wayar da ke cikinsa, zai gaya maka daidai cewa mai 55 ya fi sanyin gudu amma ya fi dacewa da rarrafe. Ya ce yana Legas. Da farko boris da shokazoba huɗu na saya a wurinsa, naira 14,000. Cikin kwana huɗu suka iso tasha, kuma masu kyau ne, har yanzu suna jikin motar. Yanzu na gane wannan cinikin tsaba ce aka watsa wa kaza.

Bayan kamar mako uku ya kira ni. "Yallaɓai, kaya sun sauka, kai na fara tunawa." Ya turo hotuna: ESC na Hobbywing ƙirar QuicRun 1080, sarbo mai ƙarfin kilo 25 da haƙoran ƙarfe, batirin LiPo, wato irin batirin lithium da ake sa wa motocin rimot, mai sel biyu da aka rubuta masa yawan cajin da yake ɗauka 5200mAh, cajar iMAX B6, moto, da nauyin tagulla da ake ɗaurawa a tayoyin gaba don kada mota ta wuntsila a hawa. Duka naira 168,000, kusan rabin abin da za su ci in na yi odarsu da kaina. Na ce ya ba ni kwana biyu. Ya ce wani a Jos ya riga ya yi magana, amma saboda mutunci zai riƙe mini zuwa magariba. Da ya turo lambar asusu sai na ga sunan wata mace, ba wanda na tura wa kuɗi karon farko ba. Na tambaya, ya ce na maiɗakinsa ne, nasa ya samu matsala. Na tura. Washegari ya sake kira, wai direbobi sun ƙi ɗaukar batir sai an biya ƙarin naira 18,000. Shi ma na tura, don a lokacin gani nake kuɗina sun riga sun shiga, in na tsaya ja-in-ja duka zan rasa.

Kayan sun iso, kuma wannan ne ya bambanta shi da ɗan damfarar da ke karɓar kuɗi ya yi layar zana. Shi yana turo kaya. A kan tabarma muka buɗe kwalin ni da yaron, komai na naɗe cikin leda mai kumfa, ga tambari ga rubutu, a ido ba ka cewa komai. A daren na haɗa batirin da cajar, na saita ta a kan LiPo sel biyu, na sa wayar daidaita sel kamar yadda ake yi, na ajiye a kan teburin katako kusa da labule. Ba a yi minti arba'in ba yaron ya ce, "Abba, wani wari nake ji kamar na alewa." Da na duba, batirin ya kumbura kamar an hura shi, kwanson robarsa ya tsage a gefe, ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi. Na zare wayar, na ɗauke shi da filaya, na jefa cikin bokitin yashi a tsakar gida. Ban kai ga komawa ɗaki ba ya fara fitar da farin hayaƙi mai kauri, sai wuta ta biyo baya da ƙara kamar ta risho. Da a ce barci ya ɗauke mu, labulen nan ne zai fara kamawa. Allah ne ya tsare.

Da safe na kwashi sauran kayan na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da na daɗe ina zama a wurinsa. Ya karɓi cajar ya juya ta, ya nemi wani batir mai lafiya a wurin wani abokin harkarmu, ya ɗora mita a kai yana caji yana kallo. Ƙa'idar batirin LiPo ita ce kowane sel volt 3.7 ne, idan ya cika 4.2, kada ya wuce haka ko kaɗan. Mai sel biyu ke nan ya tsaya a 8.4. A kan sel ɗaya fuskar cajar tana nuna 4.18, mitar Baba tana nuna 4.31, kuma ba ta da niyyar tsayawa. Ya zare wayar ya ce, "Ɗana, wannan ba caja ba ce, ashana ce." Ashe iMAX B6 na daga cikin cajojin da aka fi yi wa jabu a duniya. Kamfanin SkyRC da ke yin ta asali yana manna wata takarda mai ƙyalli a ƙasanta, da lambar da ake kankarewa a duba a shafinsa na intanet. Tawa ba ta da ko alamar wurin mannawa.

Daga nan muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Baba ya kwance kusoshi huɗun da ke bayan sarbon ya ɗaga murfin. Haƙorin sama kaɗai, wanda ake gani daga waje, shi ne na ƙarfe. Sauran na ciki farar roba ce da aka shafe da giris. Irin wannan da zarar taya ta maƙale tsakanin duwatsu biyu ka murɗa sitiyari, haƙoran za su zube. Nauyin tagullar kuwa da muka kara masa maganaɗisu sai ya manne caraf. Tagulla ba ta kama maganaɗisu. Da ya karce gefe da wuƙa sai ruwan gwal ɗin ya tashi, baƙin ƙarfe ya bayyana. ESC ɗin ma haka. QuicRun 1080 na asali amfiya 80 yake ɗauka, ruwa ba ya shigarsa, kuma yana da birkin da ke riƙe mota a kan gangare da zarar ka saki maƙunnin rimot, wanda shi ne ran motar hawan dutse. Wannan da muka jona shi muka ɗora motar a kan allo a karkace, ina sakin hannu ta gangaro. Katin saitin da ya kamata ya zo tare da shi babu, na abokinmu da muka gwada kuma bai ma gane shi ba. Batirin da ya ƙone na riga na auna shi a sikelin kicin tun ranar da ya zo, giram 168 ne, ban kawo komai a raina ba. Batir mai sel biyu da ya kai 5200mAh da gaske yakan kai giram 250 zuwa 300. Rubutu ana iya buga kowane iri a takarda, nauyi ne ba a iya ƙaryarsa.

Na kira shi, na tura masa hotunan komai har da bokitin yashin. Da farko ya ce ni ne ban iya caji ba. Da na tura bidiyon mita sai ya sauko, ya ce shi ma cutarsa aka yi, in mayar da kayan zai canza, amma in turo kuɗin mota tukuna. Na ce a'a, kuɗina nake so. Kafin la'asar ya toshe ni a ko'ina.

Bayan na fara ba da labarin ne wasu suka fito. Wani ɗan uwa a Kaduna tayoyi ya biya, masu rim inci 1.9 da ake sa wa mota mai awon ɗaya bisa goma. Aka kawo masa 'yan mitsi-mitsi masu rim inci ɗaya, na SCX24, wadda ita sau ashirin da huɗu aka rage girmanta. A hoto ba ka bambance su, domin an ɗauke su a kan farin ƙyalle ba tare da wani abu a gefe da zai nuna girma ba. Ko shiga ba za su yi ba, nasa gammon taya, wato abin da taya ke zama a kansa a bakin aksil, milimita 12 ne, nasu milimita 7. Wani kuma a Kano an ce masa aksil ɗin TRX-4 da na SCX10 duk ɗaya ne, alhali na TRX-4 yana da ƙarin giya a bakin kowace taya da ke ɗaga cikin motar sama, kuma ba ya zama a shasin ɗayar sai an yi gyara mai yawa. Dukanmu ukun hanya ɗaya aka bi da mu: ƙaramin ciniki mai kyau da farko, sannan babba, sannan asusun wani daban. Bidiyoyin da yake sawa ma na wasu mutane ne a ƙasashen waje, yanke gefen da sunan mai shi yake kawai yake yi.

Don Allah duk wanda zai sayi irin waɗannan kaya a hannun wanda bai taɓa gani ba, ya nemi a kira shi ta bidiyo kai tsaye, a riƙe kayan a hannu, a ɗora batir a sikeli yana kallo, a ajiye taya kusa da rula, a juya caja ya ga ƙasanta. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Idan sunan asusu ya saɓa da na mai magana da kai, ka tsaya nan, kowane uzuri aka kawo. Idan da hali a sa wani ɗan uwa da ke garin ya je ya gani da ido kafin a biya. Batir da caja kuwa ni dai na daina sayen na hannu ko da a wurin wanda na sani ne, domin sarbo in ya zama jabu kuɗi ka rasa, amma batir gida yake ci. Ko na asali ne, kada a yi cajinsa a kan katifa ko kusa da labule, kada a bar shi a jone a fita ko a kwanta. Ni yanzu a cikin tukunyar ƙasa marar murfi nake sa shi, a kan siminti, bokitin yashi na kusa.

Na je bankina da rasit ɗin tiransifa na shigar da ƙorafi a rubuce, kuma mu ukun muna haɗa takardar koke zuwa hukumar EFCC, tun da dokar zamba ta 2006 da dokar laifukan intanet ta 2015 duk sun shafi irin wannan aiki. Wanda abin ya taɓa shi ma, kada ya goge hirarsu don takaici. Ya ajiye saƙonnin murya, da lambar asusun da ya tura wa kuɗi, da takardar tasha, da jabun kayan kansu, ya yi magana mu haɗa da nasa. Yanzu haka tallan mutumin yana nan yana yawo da sabon suna, da hotunan nan dai na cajar da batirin, a kan farin ƙyallen nan.