Hattara da masu cewa "hanya a rufe take" a Dandalin Jami'ul Fana

Jama'a, duk wanda Allah Ya nufa da zuwa Maroko, musamman 'yan uwa masu ziyarar Shehu Tijjani a Fas da kan ce bari su leƙa Marrakesh kafin su dawo gida, ga abin da ya same ni.

Dandalin Jami'ul Fana shi ne tsakiyar tsohon garin Marrakesh, wanda sarakunan daular Murabiɗai suka kafa wajajen 1070. Hasumiyar masallacin Kutubiyya, ginin ƙarni na 12, tana nan a gefe, kuma tun 2001 UNESCO ta sa dandalin cikin al'adun da duniya ke adanawa saboda makaɗa da masu ba da labari. Wuri ne da ya cancanci a je. Matsalar ita ce wasu samari da suka mai da baƙi gonarsu.

Mun idar da azahar a Kutubiyya, ni da maiɗakina, muka ratsa dandalin za mu Madarasar Bin Yusuf. Ina duba taswira a waya sai wani yaro tsaf-tsaf ya yi mana sallama. Da ya ji daga Najeriya muke, har da dafa ƙirji, wai mu 'yan uwa ne. Ya ce hanyar da muka nufa a rufe take ana gyara, amma mun taki sa'a, yau kaɗai mutanen tsaunukan Atlas ke kawo fata kasuwa. Na tambaye shi nawa zan ba shi, ya ce ko sisi, don Allah yake yi.

Ya dinga shiga da mu lungu yana fita lungu har na daina gane gabas. Muka ɓulla a majema, can wajen ƙofar Bab Dabbag. Nan ya miƙa mu ga wani dattijo da ya ba mu ganyen na'a-na'a mu toshe hanci saboda wari. Ni Bakano, a ce an kawo ni kallon jima! Fatar jan akuyar Sakkwato da ayari ke ƙetarawa da ita Sahara ai ita Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko. Daga majema sai shago, jaka da takalmi da tsada kamar ba a son sayarwa. Muka ce ba ma saye, fuskoki suka canza. Dattijon ya ce dirhami 200, yaron da ke yi don Allah shi ma 200, ga wasu biyu sun tsaya a bakin lungu. Da iyali a gefena ban ja ba, na ba da 150 muka fito. Hanyar Bin Yusuf kuwa, da muka koma, a buɗe take, mutane na ta wucewa.

A cikin dandalin ma a kula. Masu lalle kan cafki hannun mace su fara zane kafin ta ce uffan, sannan su yanka kuɗi. Baƙin lallen nan sau da yawa ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi, yana iya ƙona fata. Masu maciji da biri za su ɗora maka dabba a kafaɗa, kana ɗaga waya kuɗi ya hau kanka.

Ɗan jagora na gaskiya yana da katin shaida daga hukuma, ka ce ya nuna maka, kuma ku gama ciniki kafin ku taka ko'ina. In ka ɓata, tambayi mai shagon da ke zaune a shagonsa, kada ka bi wanda ya tare ka. Ka sauke taswirar garin a waya tun a masauki, ka riƙe canji a aljihu daban. Wanda ya matsa, ka ce "la, shukran" (a'a, na gode) kana tafiya, kada ka tsaya. In ya ƙi rabuwa da kai, ofishin 'yan sandan kula da baƙi yana nan a bakin dandalin.