Sharhi a Kan Littafin Never Grow Up: Jackie Chan Ya Faɗi Yadda Ya Kashe Kuɗi Fiye da Yadda Ya Tara Su

Ina cikin waɗanda suka taso da kallon finafinan Chanis a gidan kallo, a kan bencin katako, janareto yana ruri a bayan ɗaki, kuma har yau ina tuna cewa idan fim ɗin Jackie Chan ne ba mai tashi idan an kashe bos, domin kowa ya san akwai sauran abin kallo. A ƙarshen fim, lokacin da sunaye suke tafiya, ake nuna wuraren da tsalle ya ƙi, inda ya faɗo da ka ko ya bugu da ƙarfe, a ga mutanensa sun rugo sun ɗauke shi. Tun a wancan lokaci nake tambayar kaina ko nawa ake biyan mutum har ya yarda ya yi wa jikinsa haka, kuma wannan tambaya ce ta sa na nemi littafin tarihin rayuwarsa mai suna Never Grow Up, na karanta shi daga bango zuwa bango.

Littafin ya fara fitowa da harshen Sinanci a shekarar 2015, kuma Jackie Chan ya rubuta shi ne tare da wata marubuciya mai suna Zhu Mo, wadda ta riƙa tattara labaran da yake bayarwa da baki tana mayar da su rubutu. Fassarar Turanci, wadda ita ce a hannuna, Jeremy Tiang ne ya yi ta, kamfanin Gallery Books ya buga a 2018. Turancin mai sauƙi ne ƙwarai, wanda ya gama sakandare zai bi shi ba tare da ƙamus ba, kuma surorin gajeru ne, mutum zai iya gama ɗaya kafin shayinsa ya huce. Ana jin muryar mai magana a cikin rubutun, kamar dattijo ne ya jingina yana ba yara labari, kuma wannan shi ne ƙarfin littafin, shi ne kuma tushen mafi yawan aibinsa, kamar yadda zan zo a kai.

Surorin ƙuruciya su ne suka fi kama ni. An haife shi a Hong Kong ranar 7 ga Afrilu, 1954, sunansa na yanka Chan Kong-sang, iyayensa kuma ma'aikata ne a gidan jami'in jakadancin Faransa, uban yana dafa abinci, uwar tana aikin gida. Yana kimanin shekara bakwai aka kai shi makarantar koyon wasan kwaikwayon gargajiya ta malam Yu Jim-yuen, aka sa hannu a yarjejeniyar shekara goma, iyayen kuma suka koma Canberra ta ƙasar Ostireliya, inda uban ya samu aikin girki a ofishin jakadancin Amurka. Ya ba da labarin tashin asuba, da atisaye har dare, da duka da sanda a kan ƙaramin kuskure, da kwana a ƙasa, a tsakanin yaran da daga baya wasunsu suka zama manyan taurari irin su Sammo Hung da Yuen Biao. Abin da ya fi taɓa ni shi ne amincewar da ya yi cewa ya fito daga wannan makaranta jikinsa ya iya komai amma karatu da rubutu sun gagare shi, kuma har bayan ya zama attajiri wannan rashi bai daina damunsa ba. Duk wanda ya karanta wannan sashe da natsuwa zai fahimci abin da ya biyo baya game da kuɗi, domin yaron da aka raina shekara da shekaru ne ya wayi gari da dukiya a hannu.

Bayan makaranta ya shiga sahun masu yi wa taurari tsalle da faɗuwa, ana biyansu kuɗin yini, kuma a haka ya fito a finafinan Bruce Lee guda biyu, Fist of Fury na 1972 da Enter the Dragon na 1973. Da kasuwa ta mutu ya bi iyayensa Ostireliya ya yi aikin gini, a can ne ma ya samo sunan Jackie daga wani abokin aiki mai suna Jack. Wani mai harkar fim, Willie Chan, wanda daga baya ya zama manajansa, shi ne ya kira shi ya dawo Hong Kong a 1976 ya yi aiki da darakta Lo Wei, wanda ya dage sai ya mayar da shi magajin Bruce Lee, da ɗaure fuska da ramuwar gayya, finafinan kuma suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai a 1978, da aka ba da aronsa ga wani ƙaramin kamfani, ya yi Snake in the Eagle's Shadow da Drunken Master a ƙarƙashin darakta Yuen Woo-ping, inda aka bar shi ya haɗa faɗa da barkwanci, ya zama jarumin da ake duka ya ji zafi ya yarfe hannu. Daga nan ya koma kamfanin Golden Harvest, kuɗi kuma suka fara shigowa da miliyoyi.

A nan ne littafin ya cancanci kuɗin da aka saye shi. Ba kasafai tauraron da yake raye, yake kuma da sunan da zai kare, zai zauna ya faɗi irin ɓarnar da ya yi ba, amma Jackie Chan ya faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Ya ba da labarin ranar da ya ɗauki tsabar kuɗi dalar Hong Kong 500,000, ya ja zugar yaransa suka shiga shagon agoguna masu tsada, ya ce a fito masa da waɗanda suka fi kowanne tsada, ya sayi bakwai a tsaye, ɗaya domin kowace rana ta mako. Idan mutum ya tsaya ya hango wannan wuri, zai ga saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda jiya-jiya yake leƙen irin wannan shago daga waje, yau ya jibge damin kuɗi a kan kanta yana son kowa ya gani. Ba agogo ya je saya ba, ya je ne ya rama kallon raini. Ya kuma amsa cewa ya yi caca, ya yi shaye-shaye, ya yi tuƙi a buge har ya taɓa lalata mota Porsche da safe ya lalata Mercedes da daddare, kuma ya ce kuɗin da ya riƙa kashewa wajen ciyar da abokai da 'yan rakiya a shekara guda ya kai miliyoyi. Har dangantakarsa da mawaƙiya Teresa Teng ya kawo, ya ɗora wa kansa laifin lalacewarta, yana cewa wulaƙancin da ya yi mata ya samo asali ne daga jin da yake yi cewa ta fi shi wayewa. Ban ga inda ya nemi a tausaya masa ba a waɗannan surori, kuma wannan ne ya sa na yarda da su.

Sashen raunuka ya amsa tambayar da na daɗe ina yi, ko da yake ba da lissafin kuɗi ya amsa ta ba. A fim ɗin Project A na 1983 ya saki kansa daga hasumiyar agogo ya ratso rumfunan yadi ya faɗo ƙasa, a Police Story na 1985 ya sulalo a jikin dogon ƙarfe mai ɗauke da fitilu a cikin babban kanti har tafukan hannunsa suka ƙone, sa'an nan a wajen ɗaukar Armour of God a ƙasar Yugoslabiya ya faɗo daga bishiya kansa ya bugi dutse, ƙoƙon kai ya fashe, aka yi masa tiyata, kuma ya rage da rauni a kai da raguwar ji a kunne guda. Mai karatu zai gane cewa jarin wannan mutum jikinsa ne, kuma abin da ya sayar wa duniya shi ne tabbacin cewa abin da ake gani a majigi ya faru da gaske. Na ji daɗin yadda ya ba ƙungiyarsa ta masu tsalle haƙƙinsu a labarin, bai nuna kamar shi kaɗai ne ya karye ba.

Labarin Amurka ya zo yadda aka san shi. Yunƙurin farko da The Big Brawl a 1980 da The Protector a 1985 bai yi armashi ba, sai Rumble in the Bronx ya buɗe masa ƙofa, Rush Hour na 1998 kuma, wanda ya yi da Chris Tucker, ya tara fiye da dala miliyan 240 a duniya. A 2016 aka ba shi lambar girmamawa ta Oscar.

Inda littafin ya gaza ni shi ne a kan batun dukiyar kanta. Mujallar Forbes ta sa shi a matsayi na biyu cikin 'yan wasa maza da suka fi samun kuɗi a duniya a 2015 da dala miliyan 50, ta sake sa shi na biyu a 2016 da dala miliyan 61, kuma wannan ya faru ne yana da shekara sittin da ɗoriya, lokacin da ya daɗe da daina zama sabon abu a Hollywood. Kuɗi irin wannan ba daga ladan fitowa a fim kaɗai suke zuwa ba. Sun zo ne daga komawar da ya yi kasuwar babban yankin ƙasar Sin a daidai lokacin da take bunƙasa, da zama furodusa mai kaso a ribar finafinansa, da jerin gidajen sinima masu ɗauke da sunansa, da tallace-tallacen kayayyaki masu yawan gaske. Wannan shi ne rabin tarihin arzikinsa, kuma shi ne rabin da ya fi amfani ga duk mai sana'ar fim da yake son sanin yadda ɗan wasa yake tashi daga ma'aikaci ya zama mai kamfani, amma littafin bai zauna ya warware shi ba. Mai karatu zai fita ya san agogo nawa aka saya, da irin tsofaffin gidajen katako na gargajiyar Sin da ya tara, waɗanda ya ba wata jami'a a Singafo guda huɗu daga cikinsu, amma ba zai san yadda aka tsara yarjejeniyar fim ko guda ɗaya ba. A ganina wannan gibi ne babba a littafin mutumin da ya yi suna da cewa ba ya ɓoye kuskurensa.

Haka ma gaskiyar da ya faɗa a kan iyali tana da iyaka. Ya amsa cewa bai kyauta wa matarsa Joan Lin ba, wadda ya aura a 1982, har ya ce ya daɗe yana zarginta da kwaɗayin dukiyarsa saboda zugar abokai. Ya amsa cewa bai zauna da ɗansa Jaycee ba, kuma ya kawo wani mummunan labari na ranar da fushi ya sa ya yi jifa da yaron yana ƙarami. Waɗannan maganganu ne masu nauyi, kuma na girmama shi da ya furta su. Sai dai abin da ya faru a 1999, lokacin da ya yi hulɗa da wata mace a waje har aka samu haihuwa, ya wuce shi da gaggawa a matsayin kuskuren da ya yi wa matarsa, ba tare da ya ba 'yar da aka haifa wani gurbi a labarin ba. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin mutumin da ya cika shafuka da nadamar motoci da agoguna ya kamata ya samu layi biyu ga ɗiyar cikinsa.

Game da taimakon jama'a kuwa, ya yi abin da ban zata ba. Maimakon ya fara da gidauniyar da ya kafa a 1988 ko naɗin da UNICEF ta yi masa na jakada a 2004, ya faɗi cewa farkon zuwansa duba yara marasa lafiya ba da son ransa ba ne, wasu ne suka sayi kyaututtukan aka miƙa da sunansa, kuma godiyar da yaran suka yi masa a kan abin da bai san ko mene ne a cikin ƙunshin ba ita ce ta sa kunya ta kama shi har ya fara yi da gaske. Wannan labari ya fi duk wani jerin adadin gudummawa gamsar da ni.

Ta fuskar tsari, littafin yana da rauni. Tun da hira ce aka mayar rubutu, yakan yi gaba ya dawo baya, wasu labaran suna maimaituwa, kuma surorin ƙarshe sun fi karkata ga nasiha da yabon abokai, har ƙarfin da aka fara da shi ya ragu. Wanda yake son tarihin sana'arsa a jere, shekara bayan shekara, zai fi samun biyan buƙata a littafinsa na farko, I Am Jackie Chan, wanda ya rubuta da Jeff Yang a 1998, ko da yake wancan ya tsaya ne a daidai lokacin da ƙofar Amurka take buɗewa.

Ina ba da shawarar sayen Never Grow Up ga duk wanda ya taso da finafinan wannan mutum kuma yake son sanin halinsa a bayan kyamara, haka nan ga matasan da suke harkar fim ko waƙa ko ƙwallo, waɗanda kuɗi kan iya zuwa musu farat ɗaya kafin su shirya. Wanda kuma yake neman bayanin yadda aka gina kamfanoni da gidajen sinima da suka sa Jackie Chan cikin jerin Forbes, to ya haɗa da rahotannin jaridun kasuwanci, domin a wannan littafi ba zai samu fiye da ambato ba.