Jimnastik a babbar jami'a ko ƙarama: amsa ga Hajiyarmu da ke Amurka

Hajiya, kin ce 'yarki ta kai mataki na 10 a jimnastik, wato matakin ƙoli kafin ajin fitattu, kuma jami'o'i biyu sun yi mata magana. Babbar ta ce ta zo amma babu tallafin karatu, ƙaramar kuwa kocinta har kira take yi. Kina son sanin wacce ta fi.

Ki fara da lissafin gurbi. A gasar mata ta jami'o'in Amurka fanni huɗu ne: dirar tebur, sanduna biyu, siririn katakon nan mai faɗin santimita 10, da wasan ƙasa. Kowane fanni mutum shida ƙungiya ke sakawa, a ƙirga makin biyar da suka fi, wato gurbi 24 ke nan a rana. A manyan jami'o'i irin Oklahoma, ko LSU da ta ci kofin ƙasa a 2024, ko UCLA inda 'yar Olamfik Jordan Chiles ta yi wasa, da 'yan Olamfik ake kokawar guraben nan. Yarinyar da ta shiga ba tallafi tana iya shan atisayen awa 20 a mako, ranar gasa kuma ta ƙare a gefe tana tafi. A ƙaramar makaranta, 'yar mataki na 10 ta kan hau fanni biyu ko uku tun shekarar farko. Ni a wurina wannan shi ne babban bambancin, domin wadda ta taso a kan katifar atisaye tun tana ƙarama ba kallo ta je yi ba.

Ta fuskar kuɗi, babba ta fi idan da tallafi. Shekaru da dama, kafin 2025, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta bar kowace ƙungiya a rukuninta na ɗaya, inda manyan suke, ta ba da cikakken tallafi har 12. Rukuni na uku, na ƙananan makarantu, ba ya ba da ko sisi saboda wasa, sai dai saboda ƙoƙarin karatu ko ƙarancin abin hannun iyaye. Tunda babbar ba ta ba ku komai ba, kun koma kwatanta kuɗin makaranta kawai.

Armashi kam na manya ne. A Jami'ar Utah 'yan kallo kan kai wajen 15,000, ga talabijin, ga likitoci da masu kula da rauni. A ƙananan, iyaye da abokan aji ne a kan benci, tafiya mafi yawa a bas. Batun rauni kada ki ɗauke shi da wasa, idon sawu da gwiwa suna shan wuya a wasan nan. Amma kada ki ɗauka babu kofi a can. Rukuni na uku yana da gasarsa ta ƙasa a ƙarƙashin ƙungiyar jimnastik ta jami'o'i, NCGA, kuma makarantun jihar Wiskonsin irin su La Crosse da Oshkosh sun daɗe suna jan zarensu a cikinta.

Abin da ke tsorata ni da ƙananan shi ne rufe ƙungiya. Jami'ar Seattle Pacific ta soke tata a 2020. Kwalejin Talladega ta yi kaka ɗaya tak ta rufe a 2024 saboda rashin kuɗi. Jami'ar Fisk da ke Nashbil, wadda ta zama ta farko cikin tsoffin jami'o'in baƙar fata da ta kafa ƙungiyar mata, ta fara gasa a 2023, sai ga shi a 2025 ta sanar za ta daina bayan kakar 2026. A can Morgan Price ta yi suna: ta fasa zuwa Arkansas ta zaɓi Fisk, ta ci kambin ƙasa na USA Gymnastics, hukumar jimnastik ta Amurka, na jami'o'i a 2024, daga baya ta koma Arkansas ɗin. Kin ga ƙofar sauya makaranta a buɗe take ga wadda ta nuna kanta.

Da 'yata ce, ƙaramar zan zaɓa, da sharaɗin akwai kwas ɗin da take so a can. Kafin ku sa hannu ki tambayi kocin: 'yan shekarar farko nawa suka hau fili bara, akwai mai kula da rauni a kowane atisaye, kuma daga ina kuɗin ƙungiyar ke fitowa? Ki kuma nemi magana da ɗaya daga cikin 'yan wasan ba a gaban koci ba.