Sharhi kan faifan DVD na George Burns da Gracie Allen

Faifan ya tattaro wasannin barkwanci na George Burns da matarsa Gracie Allen, waɗanda suka taso daga dandalin nishaɗi na vaudeville a Amurka, suka ratsa rediyo, kafin tashar talabijin ta CBS ta nuna shirinsu daga 1950 zuwa 1958. Hoton baƙi da fari ne, kuma wasannin farko sun ɗan dishe, domin kai tsaye aka watsa su. Abin da ya biya mini kuɗina shi ne yadda Burns yake juyowa, da ƙatuwar taba a hannu, yana yi wa masu kallo magana, alhali Gracie tana can tana rikita maƙwabta da hujjojinta na shirme. Sauti yana fita tangaran, sai dai babu rubutun maganganu a ƙasa, saboda haka mai ƙarancin Turanci zai sha wuya.