Bitar aikin wani shagon tantance shekarun tsofaffin jitocin cinya

Jitar da Amurkawa ke kira lap steel, wadda zan kira jitar cinya domin a kan cinya ake kwantar da ita, ba a danna tsirkiyoyinta da yatsu. Guntun ƙarfe mai santsi ake zamewa a kansu har sautin ya riƙa ja kamar muryar mai waƙa. Salon ya fito daga tsibiran Hawaii a ƙarshen ƙarni na 19, ana danganta shi da Joseph Kekuku, kuma daga shekarun 1930 zuwa na 1950 kamfanonin Amurka sun ƙera masu aiki da lantarki da yawan gaske. Ɗaya daga cikin irinsu na saya, mai ɗauke da sunan Supro, bayan mai sayarwar ya tabbatar mini cewa an ƙera ta kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Da shakka ta kama ni, sai na biya wani shagon tsofaffin kayan kiɗa a Amurka, wanda ke tantance shekara da daraja ta hanyar hotuna, domin ya duba mini ita.

Abin da ya fara burge ni shi ne irin hotunan da suka nema. Na zaci ɗan farantin ƙarfen da aka kafa da ƙananan ƙusoshi a bayan kan jitar, wanda ke ɗauke da lambar masana'anta, ya wadatar. Sun karɓi hotonsa, sannan suka buƙaci na tambarin, da na kunnuwan ɗaure tsirkiya, da na maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, suka kuma ce in kwance murfin da maɓallan murɗa sauti suke kai in ɗauko rubutun da ke jikinsu ta ciki.

Rahoton ya fara da lambar. Kamfanin Valco na birnin Chicago ne ya ƙera jitocin Supro na bayan yaƙi, kamar yadda ya ƙera na National da waɗansu na Oahu da Airline, kuma jeri guda ya yi amfani da shi wajen ba su lamba, har da akwatunan ƙara sauti. Harafin farko shi ne manuniya: V na ƙarshen shekarun 1940 ne, X ya ɗauki mafi yawan shekarun 1950, T kuma ya biyo baya tun daga 1958. Lambar tawa da X ta fara, saboda haka maganar kafin yaƙi ta faɗi tun a layin farko. Amma mai tantancewar bai tsaya nan ba, dalilinsa kuwa ya gamsar da ni: farantin da ƙusa biyu ke riƙe da shi ana iya cire shi a kafa a jikin wata jitar, don haka shaida ɗaya ce wadda sai an nemo mata abokiya.

Abokiyar tana jikin maɓallan, kuma nan ne na ga amfanin kuɗina. Kamfanonin da ke yin waɗannan sassa sukan buga lamba mai nuna wanda ya yi su da lokacin da aka yi su: 304 na Stackpole ne, 137 na CTS, 134 na Centralab. A jikin maɓallin farko an buga 304412, wato Stackpole, shekara mai ƙarewa da 4, mako na 12. Alƙalami guda ɗaya tak ke nuna shekarar, don haka a karan kansa bai raba 1954 da 1964 ba, amma da aka haɗa shi da harafin X sai 1954 kaɗai ta rage. Maɓalli na biyu ya zo da labari dabam: alƙaluma bakwai ne, sun fara da 137, sai 74, wato 1974, alhali Valco ya rufe tun 1968. Ashe wani ya canza shi daga baya, kuma mai tantancewar ya nuna mini a hotona inda sabuwar dalma ke sheƙi kusa da tsohuwar da ta dushe. Ya kuma ja hankalina cewa ranar maɓalli tana nuna lokacin da aka yi maɓallin ne kawai, tunda masana'anta kan sayi sassa da yawa ta ajiye, saboda haka ya rubuta 1954 ko farkon 1955, bai yanke wata ko rana ba. Wannan taka-tsantsan ya fi mini tabbacin da mai sayarwar ya ba ni babu hujja.

Na yi tambaya guda game da sauran kamfanoni, domin ina da niyyar ƙara saye, aka ba ni amsa a taƙaice amma mai amfani. Kamfanin Gibson na birnin Kalamazoo ya fara buga lamba da tawada a 1953 wadda alƙalaminta na farko ke nuna shekara, sai dai samfurin BR-9, da aka fara fitarwa a 1947, akwai na farkonsa da yawa da ba su da lamba ko kaɗan. Lambobin Fender na wancan zamani ba sa bin jeri sosai. Rickenbacker, wanda ya fitar da jitar nan ta alminiyom mai kama da kaskon suya a 1932, an fi gane shekarunsa ta faɗin maganaɗisu: inci ɗaya da rabi kafin yaƙi, inci ɗaya da kwata bayansa, sannan lambar haƙƙin ƙirƙira ba ta bayyana a jiki ba sai bayan da aka ba kamfanin ita a 1937.

Aikin yana da nasa naƙasu. Sun umarce ni in buɗe jitar ba tare da gargaɗin cewa wayoyin ciki sun bushe ba, kuma saura kaɗan in tsinke ɗaya. Mutumin da bai saba da sukurudireba ba zai iya yi wa kayansa ɓarnar da ta fi kuɗin tantancewar. Rahoton ya wuce lokacin da aka yi alkawari, an kuma rubuta shi da Turancin masu sana'a, sai da na sake tambaya kafin na fahimci wasu wurare. Darajar da suka sa ta kasuwar Amurka ce, ba a lissafa kuɗin jigila ko na kwastan ba. Mafi muhimmanci, hoto ba ya jin sauti: ba su iya cewa komai kan ƙarfin maganaɗisun ko an taɓa sake naɗa wayarsa ba, ko da yake sun faɗi hakan a fili a ƙasan takardar.

Ga mai jita mara tsada da yake son kaɗawa kawai, tocila da jadawalin lambobin maɓallai za su kai shi kusa da amsar ba tare da biyan kowa ba. Wanda ke shirin sayen mai tsada, ko sayarwa, ko yin inshora, shi ne takardar za ta amfana, kuma gara ya nema kafin ya biya mai kaya, ba bayan ya biya ba kamar yadda na yi. Da takardar na koma wa mai sayarwar, ya duba harafin X da lambar maɓallin, ya mayar mini da wani kaso na kuɗin, jitar kuma tana nan a hannuna da maɓallinta na 1974, wanda na bar shi domin yana aiki lafiya lau.