Nmap ko Masscan: Bayanin Wanne Wakilin AI Zai Fi Fahimta?

Nmap da Masscan manhajoji ne na binciken na'urorin da ke kan hanyar sadarwa. Ana yawan tambaya wanne ya kamata a haɗa wa wakilin AI, wato manhajar AI mai aiwatar da aiki da kanta, da zai binciki tsaron hanyar sadarwa. Wakili abin da aka rubuta kaɗai ya sani, don haka a fara duba takardun bayani.

Nmap, da Gordon Lyon ya fitar a 1997, bayaninsa ya zarce. Ya faɗa ƙarara cewa umarnin bincike na -sS na buƙatar izinin root, wato cikakken iko kan kwamfuta, kuma in ba a ambaci ƙofa (port, mashigar sadarwa ta na'ura) ba, ƙofofi 1,000 da aka fi amfani da su zai duba. Sakamakon da umarnin -oX ke fitarwa yana da tsarin XML (salon tsara bayanai don manhaja) a rubuce, wakili zai karanta ba kame-kame. Sai dai tsawon bayanin Nmap na cinye wurin tunanin wakilin, gara a tsakuro masa abin da ya shafi aikin.

Bayanin Masscan gajere ne. Dole a faɗa masa ƙofofin da zai duba, misali da -p, kuma yana farawa da aika fakiti (ƙunshin bayanai) 100 a daƙiƙa. Haɗarin yana wajen --rate, mai saita gudun aikawa: wakili na iya cika shi har layin ya toshe.

Mai son cikakken rahoto kan 'yan na'urori ya ɗauki Nmap. Mai dubban adireshi da izinin bincikensu, wanda ya kafa wa wakilinsa iyakar gudu, Masscan zai fi masa.