Kwalbar "maganin baya" da ake saya wa masu ciki: ban yarda da ita ba

Ni ungozoma ce a Agege, kuma yawancin matan da ke zuwa awo wurina 'yan uwanmu ne Hausawa mazauna Legas. Ba zan ambaci sunan kwalbar nan ba, domin irinta sun cika tasha da bakin kasuwa, suna ne kawai ya bambanta. Ruwan saiwoyi ne mai duhu a 'yar kwalbar roba, ana tallarsa wai yana maganin ciwon baya da basir da zaƙi. Wata mai cikin wata biyar ce ta fito da ita daga jaka, ta ce, "Anti, maigida ne ya sayo mini, an ce masa tana sauƙaƙa naƙuda."

Gaskiya tana da araha, murfinta a liƙe yake, ɗacin saiwar kuma na gaske ne. In an sha jiki yakan saki, barci ya zo, shi ya sa mata ke cewa tana aiki. Amma ina buɗe ta warin ogogoro, wato giyar gargajiya mai ƙarfi, ya doki hancina. An rubuta adadin giyar a jikin takardar, da Turanci, da ƙananan baƙaƙen da sai na sa tabarau na gani. Babu hoton mai ciki, babu gargaɗi ko ɗaya. Baiwar Allahn nan ba ta taɓa kusantar giya ba a rayuwarta, ga shi tana shan murfi guda safe da dare da bismillah. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Abin da uwa ta sha yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan da ke ciki, hantarsa kuwa ba ta yi ƙwarin da za ta tace shi ba. Ƙwaƙwalwa tana ginuwa tun daga makonnin farko har ranar haihuwa, don haka babu watan da za a ce an tsira, kuma likitoci ba su san wani ɗan adadi da za su ce ba ya cutarwa ba. Tun 1968 wani likitan yara a Faransa, Paul Lemoine, ya bayyana alamomin lahanin giya a jikin 'ya'yan da mata masu shan giya suka haifa. A 1973 Kenneth Jones da David Smith a Amurka suka sa wa matsalar suna. Akwai ɓari, akwai haihuwar ɗa ba rai, akwai jariri mara nauyi mai ƙaramin kai da siririn leɓen sama.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sai ya shiga makaranta a ga ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, abin da aka koya masa jiya yau ya ɓace. A kira shi daƙiƙi, a yi ta dukansa, wasu su ce iska ce. Uba ya zargi uwa da rashin tarbiyya, kuɗi su ƙare wajen neman magani. Lahanin ba ya warkewa, sai dai a taimaka wa yaron da haƙuri da koyarwa a hankali.

A farkon 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da giyar leda da ta kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. Amma wadda ta shigo da rigar magani, wa zai gane ta? A Faransa tun 2007 doka ta wajabta sa gargaɗin masu ciki a jikin kwalbar giya. Mu ma abin da muke buƙata ke nan, da hoto, da harshen da mai saye ke ji.

Ra'ayina, kada mai ciki ko mai neman haihuwa ta sha wannan kwalbar ko irinta. Maza, don Allah ku daina sayo wa iyalinku duk ruwan maganin da ba ku san da me aka jiƙa shi ba. Ciwon baya da basir muna da abin da muke ba masu ciki a wurin awo. Wadda ta riga ta sha kuma kada ta ɓoye don kunya, ta daina yau, ta zo mana da kwalbar mu duba.